Ruwan Allon Inna da Kifin Duro

Na yi kiwon kifi a cikin duro a Yasore tun mutanen garinmu ba su san ana iya ajiye kifi da ransa ya kwana a gida ba. Har yau in na je can ta'aziyya ko ɗaurin aure, sai wani dattijo ya nuna ni ya ce wa na kusa da shi, "Ga malamin nan da ya shuka alayyafo a kan dutse." Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne. Kunya ce, kuma ga dalilinta.

Shekarun da kuɗin man fetur suka fara isowa har ƙauye ne. Gwamnati ta buɗe firamare kyauta a ko'ina, tana neman malamai ido rufe. Ni kuwa na fito daga kwalejin horon malamai a Katsina, aka tura ni Batsari in koyar da kimiyyar noma. Ina da sabon keke, da agogon hannu, da wando mai faɗin ƙafa da yake share mini hanya. Kaina ya kumbura ƙwarai. A ganina a lokacin, duk abin da ba a buga shi a littafin boko ba zancen tsofaffi ne. Da safe in hau keke in tafi Batsari, bayan azahar in dawo Yasore, inda nake zaune da mahaifiyata da matata.

A kwalejin akwai wani malamin kimiyya ɗan Indiya, siriri, mai son lambu fiye da son ɗalibai. A bayan ɗakin gwaje-gwaje yana da rabin duro cike da ruwa da ƙananan kifaye, a samansa kuma wani komi cike da tsakuwa, ganye ya fito a ciki kore shar. Babu ƙasa ko cikin cokali. Ya bayyana mana cewa kifi yana kashi a ruwa, ruwan ya zama taki. Sai a ɗebi ruwan a zuba a komin tsakuwar, saiwar shuka ta tsotse takin, ruwan ya tsiyaye ta ƙasa ya koma wa kifi a tace. Da zan bar kwalejin, ganin yadda na dame shi da tambaya, ya ba ni wani ɗan kundi na takardun gwajin ruwa, sirara, kowace ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. In ka tsoma ɗaya a ruwa mai tsami sai ta yi ja-ja. In ruwan ya ɗauki halin kanwa ko toka sai ta yi shuɗi. In yana tsaka-tsaki sai ta tsaya kore. Ya ce kifi da shuka duk koren nan suke so, ko ya ɗan karkata kaɗan zuwa tsami. Ya kuma yi wata magana a kan irin dutsen da ake zubawa a komi, amma hankalina yana kan kyawun takardun, ban riƙe ba.

Da kaka ta wuce, rediyo kuma tana ta kiran kowa ya ciyar da kansa, sai na ce lokacina ya yi. Na samo duro biyu wurin masu aikin hanya. Ɗaya aka yanke masa kai ya zama gidan kifi. Ɗayan maƙeri ya tsaga mini shi gida biyu a tsaye, ya zama komi biyu. Na ɗora su a kan ƙafafun itace sama da duron kifin, na huda ƙasan kowanne na sa guntun tiyo. Ba mu da wutar lantarki balle injin jan ruwa, saboda haka da bokiti nake yi. Safe da yamma in ɗebi ruwan kifi in zuba a komi, in tsaya ina kallon yana tsiyayowa ta tiyo yana komawa duro. Kifin kuwa karfasa ne da 'yan tarwaɗa. Na saye su da ransu wurin wani masunci a wani tafki ta wajen Safana, na goyo su a keke cikin garwa, kafin in iso gida rabin ruwan yana bayan rigata.

Saura abin da za a cika komi da shi. Rafi yana nan bayan garinmu, da rani tsakuwa ce zube a cikinsa, mai santsi, wadda ruwa ya daɗe yana wankewa. Ban ko kalle ta ba. Tsakuwar da jaki ke takawa? A Batsari ana ta gina sababbin azuzuwa, siminti ko'ina, kuma bulon da ɗan kwangilar ke bugawa ko tsawa ka yi masa sai ya fashe. Ɓaraguzan bulo tuli guda a bayan ajina, fari tas. Na ce wannan shi ne dutsen zamani, shi ya dace da aikin zamani. Na yi ta jigilarsa a buhu, na zauna da guduma na farfasa shi ƙanana kamar goro, na ɗauraye shi sau ɗaya, na cika komayena biyu. Na dasa alayyafo a ɗaya, tumatir a ɗaya.

Yanzu sai in faɗi ko wace ce Inna. Mahaifina malami ne, ya rasu ina kwaleji. Inna ma 'yar malamai ce, ta sauke tun kafin aure, ta yi littattafan fiƙihu a gaban mahaifinta, sannan a gaban mijinta. Tana da makarantar matan aure a tsakar gidanmu, tsakanin azahar da la'asar, daga Asabar zuwa Laraba. Tabarma huɗu ake shimfiɗawa a ƙarƙashin rumfa, kuma ba sa isa. Matan gari na zuwa, matan rugagen Fulani ma in sun gama tallan nono sukan ajiye ƙorai su ɗauki allo. Ban da karatu, ita ce mai yi wa mata rubutun sha. Mai ciki, da mai naƙuda, da wadda ɗanta ke haƙori, duk ƙoƙonsu yakan zo gidanmu. Ta rubuta ayoyi a allo da tawadar da take dafawa da kanta daga gawayin aduwa da ƙaro, ta wanke a ƙoƙo, a kai a sha. Wannan shi ne matsayinta a garin, kuma ba ta neman wani bayan shi.

Ni ne ɗanta na fari, don haka bisa al'ada ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji wani abu sai ta faɗa wa matata, ko bango, ko akuya in ita ce kusa. Da na kafa durona sai ta raɗa mini sabon suna. "A tambayi mai kifi," in ji ta, tana duban bango, "ko kifayen nan nashi su ma sun yi kwaleji." Matata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Amma sau da yawa in na dawo daga makaranta nakan ga fukafukan gara suna yawo a saman ruwan, alamar wani ya faso gidan gara ya kawo wa kifina. Matata ta rantse ba ita ba ce. Na san Inna tana jin daɗin abin, ko da ba za ta faɗa ba.

Akwai wata ƙa'ida a gidan malamai da kowa ya sani. Ruwan da aka wanke allo da shi ba a zubar da shi ko'ina, domin ayoyin Allah ne suka narke a ciki. Ba a zuba shi inda ƙafa ke takawa, ko inda dabba ke fitsari, ko a makwarara. Tun zamanin mahaifina gindin wata tsamiya ake kai shi, can bayan gida, wurin da aka kewaye da ƙaya. Kullum in mata sun wanke allunansu a babbar ƙwarya, Inna da kanta take ɗauka ta kai, ba ta yarda wani ya kai mata. Ga shi kuwa gwiwoyinta sun fara ciwo, tafiyar tana ba ta wuya.

Wata rana ta tsaya a gaban komayena ta daɗe tana dubawa. Suna sama, ƙafa ba ta kai gare su, akuya ba ta hawa, kaza ma na sa raga na tsare. Ta ce wa matata, "Kashin abin da ake ci ba najasa ba ne, haka littafi ya ce. Wanga wuri ya fi ko'ina tsarki cikin gidan ga. In mai kifi bai hana ba, nan za mu riƙa zuba ruwan allo, ganyen nashi ya sha albarka." Na ce ba komai, ina dariya a raina. Sai daga baya na gane cewa abu mafi daraja da take da shi ne ta ɗauko ta zuba a cikin aikina. A lokacin wasan tsofaffi na ɗauke shi.

Makonnin farko komai lafiya lau. Sai sababbin ganyen alayyafo suka fara fitowa rawaya, jijiyoyinsu kawai kore. Tumatir ya tsaya cak, ba gaba ba baya. Karfasa suka daina cin dusar da nake watsa musu, suka riƙa tasowa saman ruwa suna buɗe baki. Na tsoma takarda, ta fito shuɗiya kamar an tsoma ta a baban rini. Na jiƙa tsamiya na tace na zuba, takarda ta yi kore, na yi murna. Washegari ta koma shuɗi, ruwan kuma ya yi wari. Na kwashe rabin ruwan na zuba sabo daga rijiya. Kwana uku, shuɗi ya dawo. Wani abu yana nan yana mai da mini ruwa kanwa, ban san ko mene ne ba.

Abin da ya fi ci mini rai, na riga na cika baki. Na gaya wa hedimasta, hedimasta ya gaya wa jami'in gona, an ce za su zo su gani. A majalisar ƙofar masallaci kuwa ba a gama gaisawa da ni sai an ƙara da, "Malam, ya iyali? Ya kifi? Yaushe za a kira mu walima?" Sai in yi dariyar yaƙe.

Wata Talata na dawo daga Batsari a gajiye, na tarar da karfasa uku sun juya ciki sama. Daidai lokacin an tashi karatu, matan ba su watse ba, Inna kuma tana tsaye tana tsiyaya ƙwaryar ruwan allo a komin alayyafo, a hankali, tana motsa leɓe. Nan take lissafi ya haɗu a kaina. Tawada daga gawayi take. Gawayi ɗan'uwan toka ne. Toka kuwa ita da kanwa halinsu ɗaya. Na ji daɗin basirata har na manta a gaban wa nake. Ban yi sallama ba. Na zaro takarda na tara a bakin tiyo, inda ruwa ke fitowa daga komi, ta yi shuɗi, na ɗaga ta sama yadda kowace mace za ta gani.

"Kun gani?" na ce. "Ruwan allon nan shi ke kashe mini kifi. Guba ce a cikinsa. Ga takarda ta nuna, ita kuwa ba ta ƙarya."

Ku lura, ba a cikin ƙwaryar na tsoma takardar ba. A bakin tiyo na tara ta, bayan ruwan ya ratsa ɓaraguzaina. Da ɗalibina ne ya yi mini irin wannan gwaji a aji, da na ja masa kunne. Kuma ko kaɗan ban tuna ba cewa matan da ke zaune a wurin sun sha irin wannan ruwa, sun ba 'ya'yansu.

Inna ta daina tsiyayawa. Ta riƙe ƙwaryar da sauran ruwan, ta juya ga bango ta ce, "A ba mai kifi haƙuri. Ba mu sani ba." Ta nufi bayan gida tana ɗingishi. Uwata ta ba ni haƙuri a gaban ɗalibanta, ni kuwa na tsaya riƙe da 'yar takarda ina jin na yi nasara.

Magana ta fita. Ta je rijiya, ta je kasuwar Batsari, ta kai har Runka garin su matata. Ɗan Malama na cikinta, wanda ya yi karatu a Katsina, ya auna ruwan allonta da takardar gwamnati ya ga guba. Ba wanda ya ce Inna muguwa ce. Wasu sun ce tawadarta ce ta lalace, wasu sun ce ido ya fara yi mata rauni tana rubuta ba daidai ba, shi ya sa rubutun ya juye. Mazaje suka fara hana matansu zuwa. Ƙoƙunan masu ciki suka daina shigowa. Tabarma huɗu ta koma uku, ta koma biyu. Inna kuwa ba ta canza komai ba. Kullum da azahar sai ta sa a shimfiɗa huɗun duka, in an tashi a naɗe biyu ba wanda ya zauna a kansu.

Ni kuma na kawo wasu kifayen, na canza ruwa, na zauna jiran takarda ta yi kore tunda an daina zuba tawada. Mako guda, shuɗi. Mako biyu, shuɗi. Nan na fara zargin lissafina. Ran wata Asabar na wanke kwalabe uku na cika su da ruwan rijiya. A ta farko na jefa ɓaraguzan bulo. A ta biyu na jefa tsakuwar rafi. Ta uku na rage rabi na cike da ruwan allo, wanda na ɗiba a ɓoye daga ƙwaryar Inna lokacin da ta shiga alwala, kamar ɓarawo a gidan ubana. Na ɓoye kwalaben a bayan buhun gero a ɗakina.

Washegari na tsoma takardu uku. Ta tsakuwar rafi kore. Ta ruwan allo kore, daidai da ruwan rijiya, ko gusawa ba ta yi ba. Ta bulo shuɗi mai duhu. Na ɗauko guntun bulo na matsa masa lemun tsami, ya hau kumfa. A nan maganar ɗan Indiyan nan ta dawo mini tiryan-tiryan. Cewa ya yi kafin ka zuba dutse a komi ka ɗiga masa tsami, in ya yi kumfa ka jefar, domin zai yi ta narkewa a hankali yana mai da ruwa kanwa, komai yawan canjin da ka yi. Siminti kuwa daga irin wannan dutse ake yin sa, ni da bakina na koyar da haka a aji. Ni na kashe kifina, da hannuna da gudumata.

Da a ranar na fita tsakar gida na faɗi gaskiya, da wannan labari ya zama abin dariya da ake bayarwa a gidan suna. Ban fita ba. Abin da na yi shi ne na kwashe ɓaraguzan na zubar a wani rami, na tafi rafi na yi ta ɗebo tsakuwar da jaki ke takawa. Kowane buhu sai na ɗiga wa 'yan duwatsu lemun tsami, ba kumfa. Na wanke ta har ruwa ya fito garai, na cika komayen, na mai da shukar da ta rage. Na riƙa canza ruwan kifi kashi ɗaya cikin uku duk bayan kwana biyu, don kada sauyin ya zo musu farat ɗaya. Matata ta tambaye ni dalilin canza dutse, na ce saiwa ta fi son mai santsi.

Takarda ta yi kore ta zauna. Alayyafo ya yi ganye kamar tafin hannu, tumatir ya yi fure, kifi suka koma cin dusa har suna tsalle. Mutane kuma suka haɗa lissafinsu yadda na haɗa nawa: tun da Malama ta daina zuba ruwan allo, ga shi kifi ya rayu. Lambuna da kansa ya zama shaida a kan uwata. Hedimasta da jami'in gona suka zo suka yaba, na ba su shayi a zaure. Inna ta ci miyar alayyafon, ta gaya wa bango cewa ta yi daɗi. A majalisa wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce ya jinjina mini, ba kowane ɗa ne zai iya faɗa wa uwarsa gaskiya mai ɗaci ba. Na ce masa na gode. Wallahi haka na ce.

Wata biyu cur ina sane, ina shiru. Kullum in ce gobe. In ce maganar za ta mutu da kanta, mata za su manta su dawo. Gaskiyar ita ce ina tsoron 'yan majalisa su ji cewa malamin kimiyya bai san siminti ba, kuma na fifita wannan tsoro a kan sunan uwata.

Matata tana da cikinmu na fari a lokacin, ya kusa watan da za ta tafi Runka goyon ciki. Duk da abin da ya faru, Inna ba ta fasa yi mata rubutu ba. Kowace Alhamis da hantsi, ranar hutunta, sai ta zauna ta cika allo, ta wanke a ƙoƙo, ta miƙa mata. Matata ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki. Ban taɓa tambayar kaina abin da take yi da shi ba. Na manta cewa in akwai mutum ɗaya a duniya da ya gaskata takardata fiye da kowa, to matata ce.

Wata Alhamis, muna hutun makaranta, ina zuba wa komi ruwa, na ga Inna ta zagaya bayan ɗakinmu neman inda kaza ke ƙwai. Ta daɗe ba ta fito ba. Na leƙa. Tana durƙushe a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, a lungun da ake ɗaure awaki da damina, tana kankare jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannuwanta tana zubawa a ƙwarya. Ƙasar ta yi baƙi da tawada. Matata na tsaye a kanta tana kuka.

"Tsoro na ji, Inna," in ji matata. "Saboda cikin ne. Shi ya ce guba ce."

"Ba laifinki, ɗiyata," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Mai ciki ba a hana ta tsoro. Gaya mani dai, nan kaɗai kike zubawa, ko da wani wuri? Kar mu bar ko kaɗan a ƙasa."

Ba sunanta ne ya dame ta ba a wannan lokaci. Ayoyin da ta rubuta da hannunta ne suka yi makonni suna kwarara a turken awaki, kuma a ganinta ita za a tambaya. Na ajiye bokitin. Na durƙusa a bayanta, na ce, "Inna, ba ruwan allo ba ne. Bulon da na zuba ne. Na gwada ruwan allo, ba komai a cikinsa."

Ta tsaya da kankarar. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ba ta nemi bango ba.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce wata biyu.

Ta daɗe tana kallona, hannuwanta cike da ƙasa. Sannan ta ce, "Gaban mata ka faɗi waccan. Wagga ma gaban mata za ka faɗe ta." Ta juya ta ci gaba da kankara. Na kai hannu in taya ta, ta kare wurin da gwiwar hannunta.

Ran Asabar bayan azahar na fito da kwalabena uku. An shimfiɗa tabarma huɗu, matan da suka zo ko tabarma biyu ba su cika ba. Wannan karon na yi sallama, na durƙusa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na yi musu bayani kamar ina aji. Na jira suka wanke allunansu, na tsoma takarda a cikin ƙwaryar ita kanta, a gabansu, ta fito kore. Na matsa lemun tsami a kan bulo ya yi kumfa. Na ce kuskure na yi a ranar farko, amma daga baya na sani na yi shiru, don haka ƙarya na yi wa Inna.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono, wadda duk abin nan ba ta taɓa fashin karatu ba, ko da yake shekara da shekaru tana izu ɗaya. Ta kalli takardar, ta kalle ni.

"Tica," ta ce, "ran nan takarda ta yi magana, ta ce guba. Yau ta yi magana, ta ce ba guba. Mu ba mu jin yaren takarda. Ga Modibbo nan," ta nuna Inna, "ga ƙwaryarta nan. In ba guba, sha."

Rabona da shan rubutu tun ranar da na shiga kwaleji. Duk wanda Inna ta aika mini kafin jarrabawa, abokan ɗakina nake ba. Na ɗauki ƙwaryar da hannu biyu na kafa kai. Ɗanɗanon hayaƙi da ƙaro ne, irin wanda na sani tun ina ƙarami. Ruwan da yawa, na sha har cikina ya ɗaure, ban ajiye ba sai da na ga gindin ƙwaryar. Matan suka fashe da dariya. Tsohuwar ta tafa hannu ta ce gobe duk gidan da ta kai nono sai sun ji cewa Tica ya sha, kuma da ƙafarsa ya tashi. Inna ba ta yi dariya ba, tana gyara bakin alƙalami da wuƙa.

Tsohuwar ta cika alkawari, amma labarin bai yi gudun na farko ba. Wasu matan sun dawo a sunkuye. Wasu mazan kuwa suka ce ai dole ɗa ya rufa wa uwarsa asiri, su dai sun ji kifi ya mutu. Matata ta sha rubutunta ran Alhamis a tsakar gida, a gaban Inna, daga baya ta tafi Runka ta haihu lafiya. Ƙoƙuna suka riƙa zuwa jefi-jefi. A shekarar da ta fi kyau tabarma uku ta cika. Ta huɗun ba a sake zama a kanta ba, kuma Inna ba ta daina sa a shimfiɗa ta ba.

Kafin matata ta tafi, na roƙe ta ta gaya wa Inna cewa komi yana nan, tsakuwa ce wankakkiya daga rafi, ta dawo da zuba ruwan allo a ciki ta huta da tafiyar bayan gida. Inna ta saurara, ta dubi bango ta ce, "A gode wa mai kifi. Mun saba da hanyarmu."

Na ƙara shekara uku ina kiwon kifin nan, takarda ba ta sake yin shuɗi ba. Kullum da la'asar ina tsaye da bokiti, sai ta fito da ƙwarya a hannu, ta wuce ta gefen komayen, kusa har zanenta yana shafar ƙafar itacen, ta nufi gindin tsamiya tana ɗingishi. Ba ta sake tayar da maganar ba. Na tabbata ta yafe mini, domin ta gaya wa matata haka ina kusa. Amma ta koma aiko mini da magana ta bango har ta rasu. Duk tsawon zamanmu a duniya, sau biyu kaɗai uwata ta dube ni ta yi mini magana baki da baki. Ta tambaye ni tun yaushe na sani, ta kuma gaya mini inda zan faɗi gaskiya.